Damini (1993): fim ɗin kotu da har yau yake ɗaga min hankali

Jama'a duk wanda bai kalli Damini ba gaskiya an bar shi a baya. Fim ɗin Indiya ne na 1993, Rajkumar Santoshi ne darakta, Meenakshi Seshadri ce ta fito a Damini, Rishi Kapoor mijinta Shekhar, sai Amrish Puri a lauya Chaddha, kun dai san shi in ya zaro idon nan.

Damini 'yar talakawa ce ta auri ɗan masu kuɗi, ana zaune lafiya har ranar bikin Holi, bikin watsa kala na Indiyawa, da ta ga ƙanin mijinta Rakesh da abokansa sun yi wa Urmi 'yar aikin gidan fyaɗe, da idonta ta gani ba wai an ba ta labari ba. Shi ma Shekhar ya gani. To daga nan ne fa gida ya rikice, uwar miji da uban miji kowa na cewa a rufa asiri, sunan gida zai ɓaci, ita Urmin kuma tana kwance a asibiti ba wanda ya damu da ita.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne zaman kotun. Damini ta zo ba da shaida amma sai aka mayar da ita kamar ita ce mai laifin, Chaddha ya dinga jefa mata tambayoyi na rashin kunya a gaban alƙali da jama'a, so yake ta faɗi dalla-dalla abin da ta gani don ta ji kunya ta rikice, da ta rikice kuma ya ce ai ga shi nan mahaukaciya ce, haka aka kwashe ta sai asibitin mahaukata. Kuma danginta na aure suna zaune suna kallo fa! Meenakshi ta yi ƙoƙari a nan wallahi, muryarta na rawa amma ta ƙi janye ko kalma ɗaya.

Sai can aka shigo da Sunny Deol a matsayin Govind, lauyan da ya watsar da aiki ya rungumi kwalba. Wurin da ya yi wa kotu tsawa kan ɗage shari'a, yau a ɗage gobe a ɗage, shi ne wurin da kowa ya haddace, kuma rol ɗin ya ciyo masa kyautar National Award da ta Filmfare. Ya cancanta, ba musu. Amma ni ƙorafina ke nan da fim ɗin, tunda ya shigo sai labarin ya koma nasa, ana ta ihu da naushi, Damini da ta ɗauko shari'ar tun farko ta koma gefe. Urmi ma ta mutu 'yan sanda suka ce wai kashe kanta ta yi, ba a ba ta wani lokacin kirki ba a fim ɗin.

Waƙoƙin da makaɗa Nadeem-Shravan suka tsara ba laifi, amma wasu sun ja fim ɗin ya yi tsawo, har Aamir Khan an leƙo da shi a wata rawa da ban ga me ta ƙara ba. Hoton ma tsohon yayi ne, sai haƙuri.

Ni dai na ba shi 8 cikin 10. In za ku kalla a gida ku bari yara su yi barci tukuna, saboda wurin Holin nan da tambayoyin Chaddha ba na yara ba ne.