Fassarar Harry Potter ta wani shago a Badariya: hoto ya fito tas, amma mai fassara ya kashe wanda bai mutu ba

Duk mai son ya tura wa yaransa fina-finan Harry Potter da fassarar Hausa a nan Birnin Kebbi, akwai wani ɗan shago wajen Badariya da ke wannan aiki, kuma zan iya cewa a je. Ba zan kama sunan shagon ba, tunda akwai ƙorafi cikin maganata, kuma yaron da ke tsaronsa mai ladabi ne.

Aikinsa na tura fim babu laifi. Ka kai filashi ko memori, ya zuba maka duka takwas ɗin, daga na 2001 har na ƙarshe na 2011, kowane naira 200. Ya jera su da lamba yadda ba za ka ruɗe ba, sannan ya buɗe kowane a gabanka ka ga yana tafiya kafin ka ba da kuɗi. Hoton ya fito tas, sai dai wuraren dare na kashi na huɗu sun yi duhu a ƙaramar talabijin. Wurin zama benci ɗaya ne, kuma da yamma masu cajin waya sun cika shi, ga ƙarar janareta. A je da hantsi.

Fassarar ba tasa ba ce, shi ma turo masa aka yi. Muryar mutum ɗaya ce take yin kowa, tsoho da yaro, mace da namiji. Yana da ban dariya, Hausarsa ta fita, amma ya danne kiɗan fim ɗin ƙwarai. Jikokina ba su damu da wannan ba. Ni kuma da na zauna don in ga abin da ake cusa musu, tunda labari ne na makarantar matsafa kuma dole babba ya riƙa tuna musu cewa tatsuniya ce, sai na tarar kashi na uku ya kama ni.

Kashi na uku shi ne na fursunan Azkaban, wato kurkukun matsafa, wanda littafinsa ya fito a 1999, fim ɗin kuma a 2004. A nan ne ake komawa baya cikin lokaci. Hermione, abokiyar karatun Harry, tana da wani ɗan agogon yashi a sarƙa, wanda malamarta McGonagall ta samo mata don ta riƙa halartar darussa biyu ko uku da suka faɗo lokaci ɗaya. Juyi ɗaya, awa ɗaya baya. A daren ƙarshe shugaban makarantar, Dumbledore, ya ce mata juyi uku ya isa. Ita da Harry suka koma awa uku, suka kuɓutar da Buckbeak, wata dabba rabi mikiya rabi doki da aka yanke wa hukuncin kisa, suka kuma tserar da Sirius Black, fursunan da ya gudo daga Azkaban aka sake kama shi.

To, ga inda mai fassara ya yi ɓarna. A zagayen farko, da hauni ya ɗaga gatari ya sauke, hankaki suka watse, sai ya kada baki ya ce an sare wa Buckbeak kai, har da salati. Da aka zo zagaye na biyu kuma ya ce yara sun dawo da shi duniya. Babbar jikata nan take ta ce, “Kaka, in sun dawo da shi, me ya hana su dawo da uwayen Harry?” Tambayarta daidai take bisa abin da aka gaya mata. Abin da aka gaya matan ne ba daidai ba.

Na yi aikin magatakarda a kotu har na yi ritaya, kuma abin da na fi ji daga bakin alƙalai shi ne: me ka gani da idonka? A maimaita wurin a duba. Yaran suna nesa a kan tudu. Sun ga gatari ya sauka, ba su ga abin da ya sara ba, mu ma ba a nuna mana ba. Sai a zagaye na biyu muka ga ashe kabewa haunin ya fasa don haushi, domin dabbar ta riga ta tafi. Buckbeak bai taɓa mutuwa ba. Dutsen da aka jefo cikin ɗakin Hagrid, mai kula da Buckbeak, tun farko, Hermione ta zagaye na biyu ce ta jefo shi. Kukan kyarkeci da ya janye Lupin, malaminsu da ya rikiɗe ya zama kyarkeci, daga kansu, ita ce. Ma'ana dare ɗaya ne tal, ba biyu ba, kuma tun farko akwai Harry biyu da Hermione biyu a cikinsa. Ba su sauya komai ba, sun cika abin da ya riga ya faru ne. Shi ya sa agogon ba zai amfani Cedric ba, wanda aka kashe a kan idon Harry a kashi na huɗu, ko Sirius a na biyar. Waɗannan an ga mutuwarsu.

Na koma shagon na faɗa wa yaron. Ya ce, “Baba, ai kowa ya gani an sare mai kai.” Na ce, “Ɗana, mi kag gani, gatari ko gawa?” Ya mayar da wurin a kwamfutarsa, ya kalla, ya yi dariya. Bai yi musu ba, kuma ya ƙara mini kashi na ukun na asali ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Shawarata ke nan ga duk wanda zai je: ya karɓi na ukun iri biyu, mai fassara da marar fassara, ko ya zauna kusa da yara ya gyara musu wannan wuri.

Wurin tafki shi ne wanda mutane suka fi kira tufka da warwara. Dodannin gadin Azkaban sun taso za su zuƙe ran Harry, sai wani daga ƙetaren ruwa ya saki namijin barewa na haske ya kore su. Harry ya ɗauka mahaifinsa ne. Daga baya ya gane shi ne da kansa, har ya ce ya san zai iya ne domin ya riga ya ga ya yi. In ba a cece shi ba, ba zai rayu ya koma baya ba. In bai koma baya ba, ba mai cetonsa. Ina farkon zoben? Babu. Ni wannan bai dame ni ba, domin labarin bai karya ƙa'idar da ya kafa wa kansa ba. Mai fassara ma a nan ya yi ƙoƙari, ya bar wurin ya yi magana da kansa.

Ramin da ya dame ni na shari'a ne, kuma ban ji mai fassara ya ko kusanci wurin ba. Sirius ya yi shekara 12 a kurkuku kan zargin kashe mutum 13, ciki har da Peter Pettigrew, kuma littafi na huɗu ya faɗa ƙarara cewa ba a ko yi masa shari'a ba. A daren nan yara sun ga Pettigrew da ransa. Dumbledore ya ce ba mai karɓar shaidar 'yan shekara 13. Na yarda. Amma Fudge, ministan matsafa, yana cikin makarantar a wannan dare. Me ya hana a rataya masa sarƙar, a juya sau uku, a laɓe da shi bayan itace ya ga Pettigrew yana fitowa a ɗaure daga ramin ƙarƙashin ƙasa da yaran suka biyo da shi? Ba a taɓa komai ba, ba a sauya komai ba, kallo kawai. Gani ya kori ji. Hukumar da ke da irin wannan kaya a ajiye, maimakon ta ba masu bincike su je su ga wanda ya yi laifi da idonsu, sai ta ba 'yar makaranta don kada ta rasa darasi. Kuma mutanen nan suna da maganin da ke sa mutum faɗin gaskiya dole, suna da kwanon da ake zuba tunanin mutum a kalla. Ko ɗaya ba a gwada wa Sirius ba.

Sai batun wata taswirar tsafi ta makarantar da ke nuna sunan kowa da inda yake. Tagwaye Fred da George sun shekara da shekaru tana hannunsu, ba su taɓa lura da wani Peter yana kwana kusa da ƙanensu Ron, abokin Harry, ba, alhali ɓeran Ron shi ne Pettigrew da ya rikiɗe. Lupin kuma da ya duba ta a daren, ya kamata ya ga sunan Harry wuri biyu. A littafin ma Hermione ta ce matsafa da yawa sun kashe kansu na baya bisa kuskure. In har mutum zai iya kashe kansa na jiya, to ana iya sauya abin da ya wuce ke nan, kuma duk bayanin da na yi wa jikata ya fara rawa.

Marubuciyar, J.K. Rowling, ta amsa daga baya cewa ta shiga batun lokaci ba tare da ta auna nauyinsa ba. Ta toshe ƙofar da kanta: Hermione ta mayar da agogonta a ƙarshen littafi na uku, sauran kuma aka farfashe su a faɗan da aka yi cikin Ma'aikatar Tsafi a littafi na biyar. Ta kuma ƙara ƙa'ida cewa wuce awa biyar baya haɗari ne. Fina-finan ba su nuna farfasawar ba, don haka mai kallo kaɗai zai ga agogo ya ɓace ba bayani. Wannan ba laifin shago ba ne.

Ƙorafina na biyu shi ne wani abu da ya sa wa lamba 9, shi ma naira 200. Guntayen tsofaffin fina-finan ne wani ya harhaɗa a intanet ya sa musu kiɗa. Labarin da ya biyo bayan littafi na bakwai, wanda shi ne na ƙarshe, wasan kwaikwayo ne na dandamali da aka fara a Landan a 2016, Jack Thorne ya rubuta, ba fim ba ne. A ciki ɗan Harry, Albus, da abokinsa Scorpius suka koma baya shekaru da yawa don ceton Cedric, suka dawo suka tarar duniya ta juye, har akwai wadda Voldemort, babban mugun labarin, ya ci yaƙi. Wato ƙa'idar dare ɗaya tal ta 1999 an yi watsi da ita gaba ɗaya. Yaron ya mayar mini da kuɗin na taran, ya ce zai goge shi daga kwamfutarsa. Wanda ya je ya tarar yana nan, kada ya biya.