Sharhi kan samfurin ƙirji na roba: yadda ya nuna jijiyoyin da ke kwashe jini daga bangon ƙirji

Wannan samfuri na roba an ƙera shi ne daidai girman ƙirjin babban mutum, kuma ana iya cire zuciya da huhu domin bangon baya ya fito fili. A nan ne amfaninsa yake, domin jijiyoyin da ke mayar da jini daga tsakanin haƙarƙari suna ɓoye a bayan waɗannan sassa, kuma zanen littafi ba ya nuna zurfinsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu ƙera shi suka bayyana bambancin dama da hagu. A dama, jijiyar azigos tana hawa a gefen ƙashin baya tana karɓar jini daga mafi yawan jijiyoyin tsakanin haƙarƙari, sannan daidai gaɓa ta 4 ta ƙashin bayan ƙirji ta lanƙwasa ta saman tushen huhun dama ta zuba a babbar jijiyar sama mai shiga zuciya. A hagu kuwa aikin ya rabu biyu: jijiyar hemiyazigos tana ɗaukar jinin ƙasa, mataimakiyarta tana ɗaukar na tsakiya, dukansu kuma suna ƙetarewa ta bayan ayota (babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya zuwa jiki), wajen gaɓa ta 8 da ta 9, su haɗu da azigos. Ɗalibi zai iya bin wannan hanya da yatsa. Haka kuma an jera abubuwan da ke ƙarƙashin kowane haƙarƙari yadda suke, wato jijiyar mayar da jini a sama, ta kai jini a tsakiya, ta saƙo a ƙasa, wanda shi ne dalilin da ya sa likita ke shigar da bututun ƙirji ta saman haƙarƙarin ƙasa domin ya kauce wa waɗannan jijiyoyi.

Sai dai bangon gaba bai samu irin wannan kulawa ba, domin jijiyoyin da ke bin gefen ƙashin ƙirji fenti kawai aka yi musu. Gibin da ya fi damuna shi ne rashin jijiyar sama ta hagu, wadda ke tattara jinin tsakanin haƙarƙari na 2 da na 3 ta gitta bakan ayota. Takardar bayanin ma ba ta faɗi cewa tsarin ɓangaren hagu yana sauyawa sosai daga mutum zuwa mutum ba.

Ina ba da shawarar samfurin ga ɗaliban likitanci da na jinya, muddin malami zai cike waɗannan gurabe a aji.