Gargaɗi: amfilifayar CB "mai wat 1000" da kayan hana SSB zamewa da ake tallatawa

Jama'a, musamman direbobin manyan motoci da masu gyaran rediyo, a yi hattara da wani salon damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Mai talla zai ɗora bidiyon amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin siginar rediyon CB da direbobi ke hira da juna da ita, ɗan akwati da bai fi tafin hannu biyu ba, ya yi fito a makirfo, allurar ma'auni ta tashi ta daki ƙarshe, ya ce wat 1000 ne. Sai ya haɗa maka da wani ƙunshi da ya ce yana hana muryar SSB (ɗaya daga salon aika murya a rediyon CB) zamewa daga kan mitarta. Kuɗi a gaba, kaya a baya. Wasu ko kayan ba sa turowa. Waɗanda ke turowa sun fi haɗari, domin akwatin nasu shi ne ke haddasa ciwon da za su dawo su sayar maka da maganinsa.

A fara da fis, domin fis ba ya ƙarya. Wutar mota idan inji na aiki bolt 13.8 ce. Amfilifayar tiranzista a megahaz 27 tana mayar da kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ne kawai na wutar da ta sha zuwa sigina, saura zafi ne. Ke nan wat 1000 na gaskiya na buƙatar amfiya 120 zuwa 145 daga batir, abin da altanetar ƙananan motoci da yawa ba ta iya bayarwa. Yanzu ka ce mai kayan ya turo hoton bayan akwatin. In ka ga fis mai amfiya 15, yi lissafi: 15 sau 13.8 ya ba da wat 207 na shiga, abin da zai fita bai wuce wat 125 ba. Gaskiya ne a SSB wuta na hawa da sauka da murya, fis na iya jure fiye da lambarsa na ɗan lokaci, amma ko ka ninka biyu ba ka kama hanyar dubu ba. Dubi kaurin wayar wutar ma. Wayar da ba ta fi ta caja kauri ba ba ta ɗaukar amfiya 30, balle 120.

Sannan a ƙirga tiranzista. Toshiba 2SC2879, wanda duk mai wannan sana'a ya sani, takardarsa wat 100 PEP (ƙarfi a ƙololuwar murya) ta ce a megahaz 28 da bolt 12.5. MRF455 kuwa wat 60 ne. Akwati mai 2SC2879 guda biyu akwatin wat 200 ne, ko me aka buga a fuskarsa. A AM, wato salon aika murya na yau da kullum, kuma dole siginar da ke fita kafin ka yi magana ta tsaya a kashi ɗaya cikin huɗu na PEP, wato wat 50 ga wannan akwatin. In aka wuce haka, murya ba ta da sararin hawa, sai ta dakushe, tiranzista su dahu.

To yaya allurar ke kaiwa ƙarshe a bidiyo? Hanyoyin sanannu ne. Ana murɗa ma'aunin daga ciki ya riƙa ƙara lamba. Ana ɗaga wutar gwaji zuwa bolt 16 ko 18 na daƙiƙa biyu, daidai tsawon fiton. Ana gwadawa a kan eriyar da ba ta daidaita ba, inda ƙaramin ma'auni ke ruɗewa. Mafi muni, ana barin akwatin babu filta, kuma ma'auni mai araha ba ya bambance megahaz 27 da ninkinta, duk ya tattara ya kira su wat. Ninkin 27 su ne 54, 81, 108 da 135. Biyun ƙarshe sun faɗa yankin jiragen sama, wanda ya kama daga megahaz 108 zuwa 137. Wannan ya wuce batun asarar kuɗi. Irin wannan ne ma ake yi wa rediyon kanta da sunan "buɗe mata ƙarfi": a ware kwayil ɗin da ke tare megahaz 54, a yanke sashen da ke hana murya wuce iyaka, allura ta ƙaru, mai sauraronka kuwa bai ji ƙarin komai ba sai ƙara a tashoshin maƙwabta.

Yanzu ga inda aka fi cutar masu SSB. Siginar SSB ba ta da tsayayyen ƙarfi, tana tashi daga sifiri zuwa ƙololuwa bisa muryarka. Saboda haka tana buƙatar amfilifaya ajin AB, wadda ake ba tiranzistanta ɗan bayas, wato 'yar tsayayyar wuta kusan bolt 0.6 zuwa 0.7 a ƙafarsu da ake kira bes, su kasance a farke ko babu sigina. Akwatunan nan yawancinsu ajin C ne, babu bayas ko kaɗan. Ƙananan sassan murya ba sa iya kunna tiranzistan, sai kalmomi su fito a gutsure, da ƙaiƙayi kamar ana yaga ƙyalle. Maɓallin da aka rubuta wa SSB a gaban akwatin fa? A da yawansu abin da yake yi kawai shi ne saka kafasita ɗaya domin rile, makunnin da ke sauyawa tsakanin aikawa da karɓa, ya jinkirta saki tsakanin kalma da kalma. Bai taɓa bayas ba. Gwajin mai sauƙi ne ga mai gyara: a buɗe murfi a nemi dayod da babban rezista ko regileta da ke kai wuta zuwa bes. In bes ɗin ya tafi ƙasa kai tsaye ta kwayil ko rezista, ajin C ne.

Da ka koma ka ce abokan hira na cewa muryarka na rawa tana zamewa, sai mai tallar ya ce rediyonka ce ba ta da "TCXO", ya kawo ƙunshi na biyu. TCXO na gaskiya abu ne mai kyau, kiristal ne da ke gyara kansa idan zafi ya canza. A megahaz 27, kashi ɗaya cikin miliyan haz 27 ne, kuma kunne na fara jin murya ta sauya a SSB tun kafin a kai haz 100. Matsalar biyu ce. Na farko, abin da ake turowa sau da yawa gwangwanin osileta ne na gama-gari da aka manna wa takarda. Na biyu, ko na gaskiya ne, maye gurbin kiristal ɗin megahaz 10.240 na PLL (sashen da ke tsayar da mitar tashoshi) kaɗai ba ya kashe zamewa a tsofaffin rediyoyi, domin akwai wasu kiristal: na ɗaukar murya, mai megahaz 7.8 a Cobra 148 GTL ko 10.695 a wasu, da kuma wanda maɓallin kilarifaya, mai daidaita murya a SSB, ke ja. Nan ne zamewar ta fi zama.

Kuma sau da yawa ba zafi ne sanadin ba. Idan rediyo da amfilifaya suna shan wuta daga waya ɗaya, duk lokacin da ka ɗaga murya amfilifaya na zuƙe wutar, bolt ya faɗi, mitar rediyo ta motsa. Haka idan aka buɗe kilarifaya ta yi aiki wajen aikawa amma aka ciyar da ita daga layin da ba a daidaita ba maimakon tsayayyen bolt 8. Ga yadda ake rarrabewa. Cire amfilifaya gaba ɗaya, haɗa rediyo da lodin gwaji mai om 50 a madadin eriya, bar ta a kunne minti 30, sannan ka auna mita. In ta tsaya cak, akwatin ne mai laifi ko wayarsa. In tana tafiya a hankali gefe guda, hura mata iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi kusa da kiristal, ka ga ko tafiyar ta ƙaru. In ta ƙaru, a duba ƙananan kafasitocin da ke kewaye da shi, domin wani mai gyara na iya cire na asali masu jure zafi, irin NP0, ya saka na banza. Rediyon da ke kan dashbod a watan Afrilu ba za ta yi halin wadda ke cikin inuwa ba.

Idan akwatin ya ƙone, amsar mai talla a shirye take: SWR ɗin eriyarka ne, wato ma'aunin rashin daidaituwarta da rediyo. Don haka ka auna shi kafin ka haɗa komai, ka ɗauki hoto. Ƙasa da 1.5 lafiya ne. Daga nan sai tayin sababbin tiranzista "na asali". Toshiba ta daina ƙera 2SC2879, Mitsubishi ta daina 2SC1969 da 2SC2166, shi ya sa jabunsu suka cika kasuwa. Ana goge fuskar wani tiranzista mai araha da sanfefa a sake buga lamba. Gwajin dayod a mita zai nuna lafiyarsa ƙalau, amma a megahaz 27 ba ya ƙara komai, ko ya mutu a minti na farko. Duba fuskar a haske ko akwai zanen gogewa, shafa mata man goge farce ka ga ko rubutun zai bi auduga, kuma ka yi shakkar duk wanda ke da ɗaruruwansu masu lambar rukuni iri ɗaya.

Akwai abin da mai talla ba zai faɗa maka ba. A Amurka dokar hukumar sadarwa ta FCC wat 4 ta yarda a AM da wat 12 PEP a SSB, a tashoshi 40 daga megahaz 26.965 zuwa 27.405, kuma haɗa amfilifaya da rediyon CB haramun ne. Yawancin Turai ma iyakar ke nan. A kowace ƙasa kake, tambayi hukumar sadarwa kafin ka saya. Ribar ma ba ta kai yadda ake zuzutawa ba: sai ka ninka ƙarfi sau huɗu kafin allurar mai sauraronka ta hau maki ɗaya. Daga wat 4 zuwa 100 maki biyu ne da ɗan ɗori, daga 100 zuwa 200 rabin maki. Eriya mai tsawon inci 102 da aka ɗaure da kyau a jikin ƙarfen mota tana ƙara maka ji da aikawa duka biyu, amfilifaya kuwa ba ta ƙara maka jin kowa.

In an riga an cuce ka, ajiye hoton tallar, hirarku da shaidar biyan kuɗi, ka sanar da bankinka nan take, ka kai rahoton shafin. Akwatin kuma kada ka sake haɗa shi da eriya sai mai gyara ya gwada shi a lodin om 50, da ma'aunin amfiya a kan wayar wuta.