Forex ko katako: da wanne za ka gina tashar ƙaramin jirginka na tsakar gida

Wa alaikumus salam, Malam. Ka tambaya ko da Forex ko da katako za ka gina tasha da gidan sigina na ƙaramin jirgin ƙasanka na wasa. Tunda tashar da gidan siginar a waje za su zauna, gefen layin ƙaramin jirginka, rana da ruwa duk a kansu, kar ka tsaya wasiwasi tsakanin katako da Forex. Sayi Forex mai kaurin milimita 5, ka ajiye katako sai ranar da za ka yi gada.

Forex shi ne farin allon nan na robar PVC mai ɗan laushin ciki, wanda masu allon talla suke manna hoto a kai. Masu wannan sha'awa a Ingila Foamex suke ce masa, a Amurka Sintra, amma abin ɗaya ne. Ba ya shan ruwa, ba ya ruɓewa, gara kuma ba ta da abin ci a jikinsa. Tashar da ke bakin layina da shi aka yi ta, damina huɗu ke nan tana zaune ƙarƙashin darbejiya, kusurwa ko ɗaya ba ta buɗe ba, zanen bulon da ke jikinta yana nan raɗau. Abin da take buƙata kawai a wanke mata ƙurar hunturu da soso. Gidan siginar da aka yi da filawud a shekara guda da ita kuwa, a damina ta biyu gindinsa ya kumbura ya rabu falle-falle.

Kafin ka yanka komai, tsayar da sikeli, wato sau nawa za ka rage girman ginin gaske. Layin da yawanci ake amfani da shi a waje faɗinsa milimita 45 ne, wanda kamfanin LGB na Jamus ya yaɗa tun 1968, kuma jiragensu na 1:22.5 ne domin suna kwaikwayon dogo mai faɗin mita ɗaya. Idan tashar irin tsofaffin namu ce kake son kwaikwaya, kamar na layin da ya iso Kano a 1911, faɗin dogonmu na da milimita 1067 ne. Raba shi da 45 ka samu kusan 24, don haka 1:24 ya fi dacewa da kai, lissafinsa ma ya fi sauƙi: mita ɗaya milimita 42 ce. Ƙofa mai tsayin mita 2.1 za ta zama milimita 88, faɗinta 38. Bango mai tsayin mita 3.5 zai zama 146. Bulo mai inci 9 kuma tsawonsa milimita 19, tsayinsa kusan 9 da rabi. Yanka mutum na kwali mai tsayin milimita 72 ka riƙa jingina shi da bango kana aiki, ido ya fi yarda da shi a kan rula.

Yankan ba ya buƙatar zarto. Rula ta ƙarfe da wuƙar yanka kwali mai sabuwar reza sun isa. Kar ka nemi ratsa shi da ja ɗaya, domin rezar za ta karkace bakin ya fito a jirkice, kusurwa ta ƙi haɗuwa. Ja huɗu ko biyar a hankali, wuƙar a tsaye. Tagogi da ƙofofi ka fara yanke su tun bangon yana cikin babban falle, kana farawa daga kusurwa zuwa tsakiya. Kar ka kuskura ka yanka shi da wuƙa mai zafi ko ka kai shi injin lesa, hayaƙin PVC idan ya ƙone yana cutar da huhu da ido.

Inda Forex ya fi burge ni shi ne wajen zane. Jikinsa yana karɓar tabo ya riƙe shi. Ɗauki ƙusa mai inci 3 ka dushe bakinta da samfefa, ka ja layukan kwance da rula, sannan ka sa na tsaye kana sassaɓa su kamar yadda magini yake jera bulo. Zurfin rabin milimita ya isa, in ka zurfafa fiye da haka bangon zai riƙa lanƙwashewa ta wajen zanen. In ginin dutse ne, zana duwatsun da hannu, ka danna ƙaramin dutse mai kaushi a kansu, kaushin zai fito. In allon katako kake son kwaikwaya, ja burushin waya a tsaye sau uku ko huɗu. Duk wannan a kwance ake yi a kan tebur kafin a haɗa bango, kuma ka tabbata layukan bango biyun da za su haɗu a kusurwa sun dace da juna, don a nan ido yake fara sauka.

Wajen haɗawa, sufa gulu yana kama Forex nan take, amma shi kaɗai bai isa ba, yana tsagewa idan allon ya motsa da zafi. Ɗiga shi wuri uku ya riƙe maka kusurwar a kan sukwaya, sannan ka yanka sanda mai faɗin milimita 10 daga ragowar allon, ka shafa mata gam ɗin fayif na masu aikin famfo, ka manna ta a cikin kusurwar daga sama har ƙasa. Wannan gam ɗin narkar da fuskar robar yake yi su zama abu ɗaya. Kaɗan ake sawa, a wuri mai iska, in ya yi yawa zai cinye allon ya bar rami. Duk bangon da ya wuce santimita 25 ka sa masa haƙarƙari ta ciki, ko bangon raba ɗaki.

Aibinsa zafi ne, kuma a nan ne namu ya bambanta da na mutanen Ingila. Forex yana fara laushi wajen digiri 60, kuma rufi mai baƙin fenti a ranar Afrilu yana iya kaiwa can. Rufin da ya kai santimita 60 yana ƙara kusan milimita ɗaya tsakanin sanyin asuba da zafin azahar. Don haka rufi ka yi shi da mai milimita 10, ko mai 5 da haƙarƙari kowane santimita 10. Kar ka manne shi da bango, ka bar shi ya zauna kamar murfi, da sukuru biyu a ramin da ya ɗan fi su faɗi. Ka bar ƙofar iska ƙarƙashin rufin ta ɓangare biyu, ka toshe ta da ragar sauro, in ba haka ba zanzaro da ƙadangare za su riga fasinja shiga.

Kwanon rufi daga gwangwanin lemo ake yinsa. Yanke sama da ƙasa, ka ɗan gasa fallen a wuta ya yi laushi, ka matse shi tsakanin katako biyu da aka jera wa wayoyi a jere, ko ka bi da shi ta abin murɗa takarda idan kana da shi, domin ya yi tudu da kwari irin na kwano. Yanka shi milimita 30 a kan 75, ka manna da silikon daga ƙasa zuwa sama, kowane yana hawa kan na ƙasansa. Hasken gwangwanin yana mayar da rana, ya rage wa allon zafi. Gilashin taga kuma robar akirilik mai milimita 2, da silikon ita ma. Sufa gulu yana sa ta yin fari kamar hazo, kuma ba ya gogewa.

Fenti mai ruwa na bangon waje za ka yi amfani da shi. Goge allon da samfefa mai lamba 240, ka share da sifirit, ka shafa fenti siriri sau biyu. Mai kauri yana cike zanen bulon da ka sha wahala a kai. Bayan ya bushe, tsarma fenti ruwan toka ko ƙasa-ƙasa ya zama kamar shayi, ka shafa, ka goge da tsumma, zai zauna a cikin layukan kaɗai. Launi mai haske ka zaɓa, saboda maganar zafin nan.

Rashin nauyinsa ma abin lura ne, guguwar farkon damina za ta ɗauke maka tasha ta jefa bayan katanga. Ɗora ta kan tayil ko fallen siminti mai kaurin santimita 3 da ya ɗan ɗara ƙasa, ka manna rabin bulo a ciki, ko ka ɗaure ta da sukuru marar tsatsa.

Shi katako, ban hana shi kyau ba. Amma jan katakon nan na sida da Turawa suke yabo ba shi ne a kasuwar katakonmu ba, farin katakon da ke akwai kuwa abincin gara ne, farin gam ɗin kafintoci kuma yana saki idan ya jiƙe. Ga gada mai ƙafafu, nemi loko ko maɗaci busasshe, ka tsaga shi milimita 10 a kan 10, ka haɗa da gam marar jin ruwa da ƙananan ƙusoshin tagulla, ƙafafun a kan siminti, kar su taɓa ƙasa. Duk shekara kuma sai ka sake shafa masa mai.

Ka yi hattara wajen saye. Akwai masu miƙo maka allon soso mai takarda a fuska biyu su ce Forex ne, wannan ruwa ɗaya zai kashe shi. Duba bakinsa: na gaske fari ne bai ɗaya, ba fallen takarda a sama. Akwai kuma mai sakwa-sakwan ciki, wanda farce yake nutsewa a fuskarsa da ɗan dannawa. Cikakken falle mai ƙafa 4 a kan 8, kauri milimita 5, ya kamata ya kai kilo 7 zuwa 8. In ka ɗaga ka ji bai wuce 5 ba, bar shi. Je da abin awonka, don ana sayar da mai milimita 4 da sunan mai 5. Haka filawud ɗin da ake buga wa hatimi a ce na jirgin ruwa ne, karɓi guntu ka tafasa shi awa ɗaya, in ya rabu ka san amsarka. Ba sai ka sayi cikakken falle ba ma a karon farko, masu allon talla suna da ragowa, kuma rabin falle zai fitar maka da tasha mai santimita 50 da gidan sigina, har ka samu guntayen gwada zane.