Kujerar banɗakin da na siyawa Umma bayan aikin gwiwa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau sati bakwai kenan da aka yiwa Ummanmu aikin gwiwa a asibitin ƙashi na Dala a Kano, canjin gwiwa gaba ɗaya, an kankare inda ya cinye an sa mata na ƙarfe da roba. Mun siyi kaya da yawa na jinya amma wallahi babu wanda ya biya kuɗinsa kamar kujerar banɗakin nan, shi yasa nace bari in yi bayaninta ko wani zai amfana.

Mu gidanmu masai na tsuguno ne, kuma sam hankalinmu bai kai nan ba, muna ta lissafin kuɗin aiki da magani da jini, sai ana gobe sallama likitan gashin ƙashi, mai koya mata motsa ƙafa, ya tambaye ni wane irin banɗaki gare ku, da na faɗa masa yace to kar ku kai ta gida sai kun nemi kujera. Yace a satuttukan farko abinda ake fafutuka shine gwiwar ta lanƙwasu zuwa digiri 90, kamar dai zama a kan kujera, shi kuwa tsuguno ya wuce haka nesa ba kusa ba. A ranar na shiga wani shagon kayan asibiti na ɗauko ta.

Ƙafa huɗu ce ta ƙarfe, tana da madafi hagu da dama, ga bokiti mai murfi a ƙasa, kuma kowace ƙafa akwai ramuka da ɗan maɓalli da ake dannawa a ƙara tsayi ko a rage. Mai shagon yaso in ɗauki mai taya, nace a'a, wadda ba ta iya taka ƙafa da ƙarfi me zata yi da abu mai gangarawa ko da yana da birki. Bai ja ba, ya haɗa min ita a gabana ya nuna min yadda ake cire bokitin, har ya ɗan yi ragi. Kuɗin dai da ɗan ciwo gaskiya.

Daren farko wajen ƙarfe biyu naji tana kirana a hankali, Umma mace ce mai kunya sosai, a asibiti ma rage shan ruwa ta dinga yi don kar a kawo mata fo. Na ajiye kujerar a gefen gado, ta miƙe da abin dogarawarta mai ƙafa huɗu, ta juya a hankali har bayan ƙafarta ya taɓa kujerar, ta miƙa ƙafar da aka yi aikin gaba yadda aka koya mata, ta kama madafan biyu ta zauna. Sai tace "Je ki tsaya bakin ƙofa, zan kira ki." Nace Umma in kika faɗi fa, tace "Je ki dai." Ina tsaye ina jin ƙarar ƙarfen lokacin da ta danna madafan ta tashi da kanta, ba wanda ya ɗaga ta. Na shigo na tarar har ta rufe murfin ta gyara zaninta. Daga ranar ta koma shan ruwa yadda ya kamata, dama magungunan ciwo suna sa cushewar ciki, rashin ruwan nan ƙara mata wahala yake.

Da ta samu ƙarfi muka cire bokitin muka ɗora kujerar a saman masan, ta zauna daidai. Bayan an cire ɗinki a sati na biyu kuma likita ya bada izinin ruwa ya taɓa wurin, a kanta take wanka.

To amma tana da aibi, ba zan ɓoye ba. Robar ƙafafunta tana santsi a jiƙaƙƙen tayil, sau ɗaya ta ɗan goce da ita gabana ya faɗi, dole na siyo shimfiɗar roba ta banɗaki na sa a ƙasa. Sannan mazauninta zagayayye ne ba buɗaɗɗe ta gaba, tsarki da buta yana wahala, daga baya naga akwai mai gaban a buɗe, da na sani ita zan ɗauka, mu da muke tsarki da ruwa kullum ita ta dace damu. Bokitin ma ba shi da kauri, kuma tsatsa ta fara fitowa a wajen notuna saboda ruwa, yanzu goge ta nake in fitar da ita rana. Ku duba nauyin da aka rubuta tana ɗauka kafin ku biya, ku kuma gyara tsayin ya ɗan fi gwiwar mai jinyar, in tayi ƙasa tashin ne azaba.

Ita dai kujera ba ita ke warkar da gwiwa ba, motsa ƙafar da ake sa ta yi safe da yamma ne, da ƙanƙara a tsumma minti 15 zuwa 20 in an samu wuta, da hana ta sa filo ƙarƙashin gwiwa don kar ta ƙi miƙewa, a ƙasan dunduniya ake sawa. Sallah ma har yanzu a kujerar roba take yi.

In ana bada maki zan bata huɗu cikin biyar, santsin nan ne ya cinye ɗayan. Yanzu Umma ta koma sanda, tana zagaya tsakar gida alhamdulillah, amma kujerar tana nan a banɗaki, ƙanina yace a bada aronta ga maƙociyarmu da za a yiwa aiki Umma tace a siya mata tata sabuwa, wannan ba inda zata. Ku sa ta a addu'a Allah ya ƙara sauƙi.