Sharhi kan tsofaffin fina-finan kayan lantarki na Amurka a rumbun Prelinger

Na jima ina kallon tsofaffin fina-finan wayar da kai na Amurka a rumbun Prelinger da ke shafin Internet Archive, kuma gaskiya na gamsu. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba, kana iya sauke fim a waya ka kalla daga baya, wanda hakan sauƙi ne ga mai lallaɓa data. Wani Ba'amurke mai suna Rick Prelinger ne ya tattara su, a 2002 kuma ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya karɓi tarin.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne The Middleton Family at the New York World's Fair na 1939, wanda kamfanin kayan lantarki na Westinghouse ya ɗauki nauyinsa. Iyali ne masu rufin asiri daga jihar Indiyana suka je baje kolin duniya a birnin New York. Akwai wurin da ake gasar wanke-wanke a gaban jama'a: mace ɗaya ta duƙufa da hannu, kumfa da ruwa sun jiƙa mata riga, ɗayar kuwa ta jera kwanuka a injin ta latsa, ta tsaya tsaf da kwalliyarta. Tun ba a fara ba ka san wadda za ta ci. Har mutum-mutumin ƙarfe mai suna Elektro aka fito da shi yana magana yana busa sigari.

Ya tuna min labarin majigin da ake haska wa iyayenmu a ƙofar fada zamanin Turawa, inda akan haɗa mai wayo da wawa don a koyar da darasi.

Sai dai a sani, yawancin waɗannan fina-finan na Amurka talla ce aka lulluɓe da sunan ilimi. Kicin na mace ne kullum, mijin nasa biyan kuɗi. Da wuya ka ga iyalin baƙar fata, abin da ya dame ni ƙwarai. Kuma a tsakiyar shekarun 1930 kusan gidan gona ɗaya cikin goma ne ke da wutar lantarki a Amurka, amma fim ɗin iyalin Middleton bai ko waiwayi waɗannan mutane ba.

Wasu hotunan sun dushe, sautin wasu ma yana shashshaka saboda tsufa. Duk da haka ina ba malaman tarihi da ɗaliban aikin jarida shawara su fara da na iyalin Middleton, bai kai awa ɗaya ba.