Bugun Liberty Fund na littafin Herbert Spencer: ta ina za a fara karanta shi?

Ɗalibin nazarin zamantakewa da ya shiga neman rubutun Herbert Spencer, masanin falsafa ɗan Ingila na ƙarni na 19, sau da yawa The Man Versus the State ne ke fara faɗo masa, bugun da cibiyar Liberty Fund ta jihar Indiyana a Amurka ta fitar a 1981. Ya haura shafi 500, akwai mai bangon kwali, akwai mai bangon takarda, kuma ana karanta shi kyauta a shafinsu na Online Library of Liberty. Bugu ne mai tsabta, rubutun ba ya gajiyar da ido. Matsalarsa tsari: wanda ke son gane yadda Spencer ya bayyana sauyawar al'umma daga mataki zuwa mataki, idan ya fara daga shafin farko zai sha wuya a banza.

Ainihin littafin maƙala huɗu ne da suka fito a mujallar Contemporary Review a 1884, Spencer yana da shekara 64, yana cike da fushi da gwamnatin Gladstone, firaministan Birtaniya na lokacin. Faɗan siyasa ne, ba darasi ba. Darajar wannan bugu tana cikin maƙaloli shida da aka ƙara a baya, daga 1843 zuwa 1891. Can ya kamata a fara.

A buɗe The Social Organism ta 1860. Nan ya kwatanta al'umma da jikin halitta mai rai: tana farawa ƙarama, sassanta duk iri ɗaya, kowa yana yin aikin kowa, tana girma sai aiki ya rarrabu, manomi daban, maƙeri daban, ɗan kasuwa daban, har ya zama babu sashen da zai rayu shi kaɗai. Hanyoyin fatauci su ne jijiyoyin jini, wayar tangarahu da ke bin layin dogo ita ce jijiyar kai saƙo. Ba mamaki, mutumin ya yi aikin injiniyan jirgin ƙasa tun yana ɗan shekara 17. Amma akwai bambancin da masu gaggawa ke tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin komai: a jiki, ji yana tattare a wuri ɗaya, a al'umma kuwa kowane mutum yana jin daɗinsa da zafinsa. Don haka al'umma ce ke yi wa mutum hidima, ba a sadaukar da mutum don ita ba.

Daga nan sai Specialized Administration ta 1871, amsar da ya ba abokinsa Thomas Huxley, masanin ilimin halittu. Huxley ya kama shi da hujjarsa: in dai al'umma jiki ce, ai ƙwaƙwalwa mulkin kama-karya take yi wa gaɓoɓi. Spencer ya ce ciki da zuciya suna aikinsu ba tare da jiran umarni ba, haka kasuwa da bankuna. Amsar ba ta gamsar gaba ɗaya, kuma bugun bai kawo maƙalar Huxley ba, sai mai karatu ya nemo ta da kansa.

Bayan waɗannan biyu ne maƙalolin 1884 ke yin ma'ana. Mafi ƙarfinsu ita ce The Sins of Legislators, inda ya ce yaron kantin magani da ya ba da maganin da ya kashe mutum kotu za ta kama shi, amma ɗan majalisar da ya yi doka cikin jahilci ta halaka dubbai babu mai tuhumarsa. Mafi ɗaci kuma The Coming Slavery, wadda ta ɗauki yawancin marasa aikin yi na Landan a matsayin malalata da suka jawo wa kansu. Wanda ya karanta ta zai ga dalilin da ya sa sunansa ya yi baƙin jini. Wanda ya kai ga wasiƙunsa na ƙuruciya, The Proper Sphere of Government, zai tarar da shi yana sukar yaƙi da mulkin mallaka, matsayin da bai sauka daga kai ba har lokacin yaƙin Boer da Birtaniya ta yi a Afirka ta Kudu.

Gazawar bugun ta fi fitowa a wurin bayani. Spencer yana jero dokokin Ingila ɗaya bayan ɗaya, na masana'antu, na rigakafin agana, dokar ilimi ta 1870, ba tare da edita ya faɗi abin da kowace ta ƙunsa ba. Gabatarwar Eric Mack gajeriya ce mai amfani. Ta Albert Jay Nock kuwa, da aka ɗauko daga bugun 1940, rigimarsa da gwamnatin Amurka ta zamaninsa ce ta fi cika ta. A bar ta sai ƙarshe.

Kada a dogara da wannan littafi don rubuta aiki kan ka'idar juyin halitta ta Spencer. Kalmarsa ta wanzuwar mafi dacewa daga Principles of Biology ta 1864 take, Darwin ya fara aro ta a 1868, kuma Spencer ya fi karkata ga ra'ayin Lamarck, masanin halittu Bafaranshe, wato ɗabi'ar da aka koya tana bin jini zuwa 'ya'ya. Cikakken bayanin yadda ya raba al'umma zuwa al'ummar yaƙi da al'ummar sana'a yana Principles of Sociology, juzu'i uku, 1876 zuwa 1896.

Mai rubuta kundin digiri ya nemi bugun takarda ko hotonsa, domin lambar shafi a manhajar waya tana canzawa da girman rubutu. Ya kuma sa shekarar kowace maƙala daban, kada ya jingina maganar saurayin 1843 ga dattijon 1884.